Yadda Ake Ziyarar Maroko Cikin Kwana Goma, Daga Fas Zuwa Marakish

Wanda ya taɓa zama gaban malam da allo a cinya ya san Maroko tun kafin ya ji sunanta. Rubutun nan da ake sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, a sa wa ƙaf ɗigo ɗaya a sama, daga Magrib ya gangaro mana. Ƙira'ar Warshu da gardawa ke yi a tsangaya ita ake yi a masallatansu, mazhabarsu kuma ta Imam Malik ce. Mai Ajurrumiyya mutumin Fas ne, masu Ashifa da Dala'ilu kuma a Marakish suke kwance. Hatta alkyabbar sarakunanmu da jar dara 'yan gidan can ne. Saboda haka Bahaushe bai kamata ya tsara tafiyar Maroko irin yadda Bature ke tsara tasa ba, ya yi ta tsalle daga gari zuwa gari yana ɗaukar hoto. Tafiya ce irin ta wanda ya je gaishe da gidan malaman kakanninsa: garuruwa kaɗan, zama mai tsawo.

Tsarin da zan bayar na kwana 10 ne: ɗaya a Kasablanka, ɗaya a Rabat, huɗu a Fas da kewayenta, ɗaya a hanya, uku a Marakish. In kwanakinka ba su kai haka ba, yanke na bakin teku, kada ka taɓa na Fas.

Mataki na farko: zaɓi lokaci

Daga Maris zuwa Mayu, ko daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, su ne watannin tafiya. A Yuli da Agusta zafin Fas da Marakish kan wuce digiri 40, ga cunkoso a lunguna. Zafi dai ba baƙonmu ba ne, sanyinsu ne ke kayar da mutanenmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ana ruwa, ana sanyin da ya fi na hunturunmu ratsa ƙashi, tsofaffin gidajen kuma an gina su ne don korar zafi, ba don riƙe ɗumi ba. A garin Ifran, wanda bai da nisa da Fas, har ƙanƙara ke zuba.

Duba kalandar Musulunci ma. Makon babbar salla kasuwanni a rufe suke kwanaki da dama. Watan azumi yana da daɗinsa, musamman tarawihi da buɗa-baki da miyar harira da dabino, amma wuraren tarihi na tashi da wuri. Agogonsu daidai yake da na Najeriya da Nijar, sai a azumi ne suke mayar da shi baya da awa ɗaya, abin da kan rikita wa baƙo lokacin jirgi. Mai son ganin zawiyar Shehu Tijjani da ke Fas a cike ya nufi watan Maulidi, amma ya kama masauki tun da wuri.

Mataki na biyu: takardu

Mai fasfon Najeriya sai da biza, ofishin jakadancin Maroko kuwa yana Abuja. Ga sauran ƙasashe abin ya danganta da yarjejeniyar da ke tsakaninsu da Maroko, don haka ka tuntuɓi ofishin jakadancin da ke ƙasarka kafin ka yanki tikiti, kada ka dogara da "wani ya ce". Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Haɗa tikitin zuwa da dawowa, da shaidar masaukin da ka kama, da bayanan asusunka na banki, da katin rigakafin shawara.

Buga kowace takarda a takarda, kada ka bar ta a waya kawai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: Maroko mashiga ce ta masu neman tsallaka teku zuwa Sifen, saboda haka baƙar fata kan sha tambayoyi a filin jirgi fiye da wani. Wanda ya miƙa adireshin masauki da tikitin komawa ba tare da kame-kame ba, nan da nan ake buga masa hatimi. In da iyali za ka, riƙe takardar aure, don wasu masaukan kan nemi ganinta kafin su ba mace da namiji ɗaki ɗaya.

Mataki na uku: kuɗi da kaya

Kuɗinsu dirhami ne, kuma ba kuɗin da ake yawo da shi a kasuwar canjin ƙasashen waje ba ne. Tafi da dalar Amurka ko yuro, sababbi marasa yagewa, ka canza kaɗan a filin jirgi, saura a cikin gari. Naira da sefa ba za su yi maka amfani a can ba. Dalar Amurka ɗaya takan yi kai-kawo kusa da dirhami 10, wannan ya isa lissafin ka. Ajiye rasidin canji, zai yi rana in za ka mayar da ragowar kuɗin ranar komawa. Riƙe ƙananan kuɗi kullum, saboda tasi da shayi da ɗan alherin mai ɗaukar kaya duk da tsaba ake biya.

Akwai tarkon lissafi guda. Tsofaffi da masu sayar da kayan miya har yanzu da riyal suke ƙirga, riyal 20 kuma shi ne dirhami ɗaya. In mai lemo ya ce maka 200, kada hantarka ta kaɗa, mai yiwuwa dirhami 10 yake nufi. Tambaye shi kawai: dirhami ko riyal?

Wajen kaya, takalmi ne kan gaba. Za ka yi tafiyar ƙafa ta awanni bisa duwatsu da hawa da gangara, silifas ba zai kai ka ba. Ɗauki rigar sanyi ko da bazara ce. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayye ne irin na Nijar da Faransa, don haka ɗan Najeriya ya sayi mahaɗi. Ƙulla yajinka a jaka, dalili na nan tafe. Jirgin nan marar matuƙi na ɗaukar hoto kuwa bar shi a gida, kwastan za su karɓe.

Mataki na huɗu: sauka da zirga-zirga

Jiragen Royal Air Maroc na tashi daga biranenmu irin su Legas da Yamai da Akara zuwa filin jirgin Muhammad na Biyar da ke Kasablanka. Kafin ka fita sayi layin waya, Maroc Telecom ko Orange ko Inwi, da fasfonka za a yi rajista. Tashar jirgin ƙasa tana cikin filin jirgin, ka hau zuwa tashar Casa Voyageurs, daga nan ake rarrabuwa zuwa ko'ina.

Jirgin ƙasa shi ne abin hawanka a wannan tafiya. Kasablanka zuwa Rabat kamar awa ɗaya ne, Rabat zuwa Fas kusan awa 3, Fas zuwa Marakish kusan awa 7. Yanki tikiti kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a tasha ko a shafin hukumar jiragen, ONCF. A doguwar tafiya ƙara ɗan abin da ke tsakani ka shiga aji na ɗaya, ka miƙe ƙafa. Jirgin nan mai gudun tsiya da suke alfahari da shi, Al Boraƙ, wanda aka buɗe a 2018, tsakanin Kasablanka da Tanja yake aiki, bai shiga tsarinmu ba sai in kana da ƙarin kwana. Inda jirgi bai kai ba, motocin CTM da Supratours ne masu tashi a kan lokaci.

A cikin gari akwai ƙaramar tasi, kowane gari da launinsa: ja a Kasablanka da Fas, shuɗi a Rabat, ruwan ƙasa a Marakish. Mutum uku take ɗauka, tana da na'urar ƙirga kuɗi, ka tabbata direba ya kunna ta kafin mota ta motsa. In ya ce ta lalace, ku yi ciniki tun kana waje, ko ka jira ta baya. Babbar tasi ita ce ta tsakanin garuruwa, mutum shida, sai ta cika take tashi, kamar dai a tasharmu.

Magana ba za ta gagara ba. Larabcinsu na titi, Darija, yana haɗiye wasula har mai digiri a Larabci ya tsaya yana zare ido, amma in ka yi musu Larabcin littafi za su gane, su kuma girmama ka. Mutumin Nijar ko Kamaru ko Chadi ya huta, Faransanci na aiki ko'ina. Haddace waɗannan: labas, wato lafiya, bishhal, nawa ne, bizzaf, ya yi yawa, wakha, to, la shukran, a'a na gode. Namiji a ce masa sidi, mace a ce mata lalla.

Mataki na biyar: Kasablanka da Rabat, a gurguje

Kasablanka garin kasuwanci ne, abu biyu za ka yi ka wuce. Yi salla a masallacin Hassan na Biyu, wanda aka gama a 1993, wani sashensa bisa teku, hasumiyarsa kimanin mita 200. Sannan ka je unguwar Habus, inda shagunan littattafai da na jallabiya suke jere. Duba farashi kawai, sayayya sai ranar komawa, kada ka yi kwana tara kana dakon littattafai.

Rabat ce babban birni, ta fi natsuwa. Je hasumiyar Hassan, wadda Sarki Yaƙubu al-Mansur ya fara da nufin gina masallacin da babu kamarsa, ya rasu a 1199 aikin ya tsaya, hasumiyar ta tsaya a mita 44 da ginshiƙai birjik babu rufi. Gefenta kabarin Sarki Muhammad na Biyar yake, wanda a hannunsa ƙasar ta karɓi 'yanci a 1956. Da la'asar shiga tsohuwar ganuwar Udaya ka sha shayi kana kallon inda kogi ya haɗu da teku. Ya isa haka.

Mataki na shida: Fas

Tashar jirgi tana sabon gari da Faransawa suka gina. Ɗauki tasi zuwa Bab Bujlud ko dandalin Rasif, nan mota ke tsayawa, domin tsohon birnin, Fas al-Bali, mota ba ta shiga. Kama masauki a cikin ganuwa, irin tsofaffin gidajen da suke kira riyad ko dar: daga waje bango ne kawai da ƙaramar ƙofa, ciki kuwa tsakar gida ce da famfo da ɗakuna kewaye. Mu da muka taso da zaure da soro mun san wannan hikimar ta ɓoye gida daga idon titi. Roƙi mai masaukin ya turo wanda zai tarbe ka a bakin ƙofar gari, don ranar farko ba za ka gane gidan da kanka ba. Masu amalanke na nan su ɗauki jaka, ku daidaita kuɗi tukuna.

Ɗan tarihi kaɗan zai sa ka fahimci abin da kake gani. Maulaya Idrisu na Farko, tattaɓa-kunnen Sayyidina Hassan, ya tsero daga Hijaz bayan yaƙin Fakhkh na 786, ya kafa daula a nan, ya aza harsashin Fas a 789. Ɗansa Idrisu na Biyu ne ya raya ta ya mayar da ita babban birni. Daga baya baƙi suka cika ta kashi biyu, mutanen Ƙurɗuba ta Andalus a gaɓar kogi ɗaya, mutanen Ƙairawan ta Tunisiya a ɗayar. Cikin mutanen Ƙairawan ɗin ne aka sami Faɗimatu al-Fihriyya, wadda ta sa dukiyar gadonta ta gina masallacin Ƙarawiyyin a 859, wanda ya zama makarantar da har yau ake karatu da sunanta. Hukumar UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya a 1981.

Ranar farko ɗauki ɗan jagora na hukuma, mai katin shaida a wuya, ta hannun masaukinka, na rabin yini. Faɗa masa tun farko cewa tarihi ka zo gani, ba shagon darduma ba, don yawancinsu na da kamasho a shaguna. Samarin da za su tare ka a titi suna cewa "hanyar can a rufe take, biyo ni", ba a rufe take ba. Ce la shukran, kada ka tsaya.

Sauran kwanakin yi yawonka kai kaɗai, ga kuma dabarar da za ta hana ka ɓata. Birnin kamar kwano yake. Daga Bab Bujlud, ƙofar nan da aka gina a 1913, shuɗiya ta waje koriya ta ciki, manyan hanyoyi biyu ne ke gangarawa, Ɗala'a Kabira da Ɗala'a Sagira, dukansu suna kai ka wajen Ƙarawiyyin. In ka rikice, gangara ka isa tsakiya, ko ka hau ka fita ƙofa. Lungun da ka ga ya yi tsit, babu shago, galibi ba ya ɓullewa, juya. In ka ji an ce "balak!" manne da bango, alfadari ne ko jaki da kaya, kuma ba ya tsayawa don kowa.

Fara da makarantar Bu Inaniyya, kusa da ƙofa, wadda Sarki Abu Inan ya gina tsakanin 1350 da 1355. Kada ka yi sauri a nan. Dubi bango daga ƙasa zuwa sama: ƙananan fale-falen da suke kira zallij, waɗanda ake sassaƙa ɗaya-ɗaya da guduma a jera su, sai layin rubutu, sai farar ƙasa da aka yi wa zane kamar aikin allura, sai katakon al'ul a can sama. Duk wannan don ɗaliban ilimi aka yi, ba don sarki ba. A makarantar Aɗɗarin, wadda aka gama a 1325, hau bene ka leƙa ɗakunan ɗaliban, ƙanana ne ƙwarai, sai ka tuna almajiran da ke kwana a zauren malam.

Daidaita tafiyarka ta kai ka Ƙarawiyyin lokacin salla, domin masallatan Maroko da yawa ana rufe su tsakanin salloli. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga, saboda haka mai tsaron ƙofa na iya tambayarka. Yi masa cikakkiyar sallama, magana ta ƙare. In ka samu magariba a kowane babban masallaci, kada ka tashi bayan sallama. Za ka ga an yi da'ira ana karanta izu ɗaya baki ɗaya da murya guda, haka ma bayan asuba, su sauke Alƙur'ani duk wata. Wanda ya yi karatun allo zai iya bin su ba tuntuɓe, kuma a ganina wannan zaman na minti 20 ya fi duk wani gini da za ka biya kuɗi ka shiga.

Tafiya kaɗan daga nan, a unguwar Bilida, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take. An haife shi a Ainu Madi ta Aljeriya a 1737, ya zauna Fas daga 1798, ya rasu a nan a 1815. Nan ne za ka ji kamar kana gida: mutanen Senegal da Mali da Najeriya da Nijar da manyan riguna, ba wuya ka ji Hausa a bayanka. Ranar Juma'a bayan la'asar ake zikiri, wurin kan cika. Mata na da ɓangarensu. Na san masu karatu ba ra'ayinsu ɗaya ba a kan ziyarar makwantan bayin Allah. Wanda yake yi ya yi da ladabi, wanda ba ya yi ya wuce abinsa ba tare da ya buɗe muhawara a garin mutane ba. Ko don tarihi kaɗai wurin ya cancanci a san shi, tunda daga wannan lungun ɗariƙar ta bazu har Kaulaha da Kano. Kabarin Maulaya Idrisu na Biyu ma na kusa, kewaye da masu sayar da turare da alewa.

Sai majemar Shawara, wadda hancinka zai kai ka. Daga saman benen shagunan fata ake kallo, a bakin ƙofa za a miƙa maka reshen na'a-na'a ka toshe hanci. Ƙasa ramuka ne jere: farare na farar ƙasa da kashin tattabara inda ake jiƙa fata ta saki gashi ta yi laushi, masu launi kuma na rini. Majema na ciki har gwiwa suna tattakawa. Bakano zai ga marinar Ƙofar Mata da unguwar Majema sun haɗu wuri ɗaya. Ga abin da ba kowane ɗan jagora zai faɗa maka ba: fatun jajayen awakin Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa, ayari ke ketara Sahara da su, Turawa su saye su a tashoshin Arewacin Afirka suna kiransu fatar Maroko. Kallo ba dole sai ka sayi jaka ba, ɗan alheri ga mai shagon ya wadatar. Daga nan biya ta dandalin Saffarin ka ga maƙeran tagulla, ƙarar gudumarsu ce za ta yi maka jagora. Gab da faɗuwar rana ɗauki tasi zuwa tudun kaburburan sarakunan Banu Marin, ka tsaya har a kira magariba, ka ji ɗaruruwan ladanai sun ɗauka lokaci guda daga cikin kwanon nan.

Kwana na huɗu fita waje. Jirgi zuwa Miknas bai kai awa ɗaya ba, daga can babbar tasi zuwa garin Maulaya Idris Zarhun, inda Idrisu na Farko yake kwance, sai kangon birnin Rumawa na Walili a gindin dutsen. Je da safe, babu inuwa.

Mataki na bakwai: Marakish

In Fas malami ce mai sunkuyar da kai, Marakish maroƙi ce mai ganga. Murabiɗai ne suka kafa ta wajen 1070, jar ƙasa ce ganuwarta, kamar tamu. Alamarka a nan hasumiyar Kutubiyya ce, mita 77, duk inda ka ɓata nemo ta.

Ware safiya ɗaya ga kudancin birni. Fadar Badi ta Sarki Ahmad al-Mansur ce, ya fara ta a 1578. Shi ne ya tura rundunar da ta ketara Sahara ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, aka kwaso malaman Tambutu, cikinsu har da Ahmad Baba, wanda ya yi shekaru a Marakish yana koyarwa kafin a bar shi ya koma gida a 1608. Fadar yanzu kango ce, shamuwa ke sheƙa a bangonta, domin wani sarki na baya, Maulaya Isma'il, ya kwashe kayan adonta ya kai Miknas. Ɗan Afirka ta Yamma ya kamata ya tsaya a filin nan da wannan labarin a ransa. Kusa akwai kaburburan sarakunan Sa'adiyawa, dangin Ahmad al-Mansur, da aka toshe aka manta da su sai 1917, da kuma fadar Bahiya. Sammako, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. A arewacin kasuwa kuma makarantar Bin Yusuf take, wadda aka gama wajen 1565.

Garin na da waliyyai bakwai da suke kira Sab'atu Rijal, ana zagaya su ɗaya kowace rana daga Talata zuwa Litinin. Biyu daga cikinsu sunayensu ba baƙi ba ne a zaurukanmu: Alƙali Iyal, mai Ashifa, wanda ya rasu a 1149, yana kusa da ƙofar Bab Ailan, da Imam Jazuli, mai Dala'ilu, wanda ya rasu a 1465. Ba sa cikin hanyar 'yan yawon buɗe ido, faɗa wa mai tasi sunan ko ka tambayi dattijo a bakin masallaci.

Da dare sai dandalin Jami'ul Fana. Masu tatsuniya, masu wasa da maciji, masu maganin gargajiya, 'yan kama, kowa da da'irar mutanensa, ga hayaƙin gashi ya turnuƙe. Ƙa'ida ɗaya ce: ka ɗaga waya, ka ci bashi. In ba ka shirya biya ba, kada ka ɗauki hoto, kada ka bari a ɗora maka biri ko maciji a kafaɗa, mata kuma kada su miƙa hannu ga masu lalle kafin a yi ciniki. Aljihu a gaba. Nemi da'irar 'yan Ginawa, masu huluna da wuri, da ƙarafan kaɗawa a hannu da wata garaya mai tsirkiya uku da suke kira gimbiri. Jikokin bayin da aka kawo daga ƙasashenmu ne, a waƙoƙinsu suna ambaton Bambara da Fulani da Hausa, zaman darensu na warkarwa kuma duk wanda ya san bori zai ga kama. Babban bikinsu a garin Sawira ake yi, bakin teku, tun 1998.

In za ka hau duwatsun Atlas, tuna cewa girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta yi ɓarna ƙwarai a ƙauyukan yankin, tambayi halin hanya kafin ka tashi. Zancen tafiya Sahara a hau raƙumi a kwana a tanti, wannan na waɗanda ba su taɓa ganin raƙumi ba ne. Kwana uku take ci, mafi yawa a mota. Mutumin Agadas ya biya kuɗi don wannan? Sai dai mai son tarihi, wanda zai so ya tsaya a kangon Sijilmasa kusa da Risani, inda Ibn Baɗɗuɗa ya bi ayari a 1352 zuwa Mali, tafiyar da ta biyo da shi ta Takadda a ƙasar Nijar ta yau.

Mataki na takwas: ci, wanka, da kama baki

Abincinsu na da ƙamshi amma babu yaji, nan ƙullinka zai yi aiki, ko ka nemi harisa, niƙaƙƙen barkononsu. Ɗajin nama ne ko kaza da kayan lambu a kaskon ƙasa mai murfi kamar malfa, da burodi ake ci, da hannun dama, kowa gabansa. Kuskus na ranar Juma'a ne bayan masallaci, ɗan'uwan dambu da burabusko. Da safe nemi bisara, miyar wake da man zaitun, da musamman, wata waina mai falle-falle. A Marakish ɗanɗani ɗanjiya, naman da ake rufewa a tulu a binne cikin tokar gidan wanka ya kwana yana nuna. Ci inda ka ga 'yan gari sun yi layi, sha ruwan roba. Shayin na'a-na'a kuwa in an ba ka karɓi, ƙin karɓa rashin ladabi ne, sai dai mai ciwon suga ya yi magana tun kafin a haɗa.

Shiga gidan wankan unguwa, hammam, ko sau ɗaya. Maza da mata lokacinsu ko ƙofarsu daban. Sayi baƙin sabulunsu da safar cuɗa a kasuwa, tafi da tawul da gajeren wandon da za ka bari a jikinka.

Abu uku ba a wasa da su a baki: sarki, addini, da batun Yammacin Sahara. Ko an ja ka, yi murmushi ka sauya zance. Kada ka ɗauki hoton ɗan sanda ko soja, kada ka ɗauki mace ko dattijo ba izini. Wani yaro na iya jefo maka kalmar raini saboda launin fatarka, kada ka biye masa. Sau da yawa da zarar an ji sallamarka, aka ga ka shiga sahu, sai fuska ta sake a fara tambayarka daga ina.

Mataki na tara: tsaraba da komawa

Bahaushe ba a koya masa ciniki, sai dai a faɗa masa yanayin kasuwa. Kafin ka shiga kasuwar Marakish je cibiyar masu sana'ar hannu ta gwamnati da ke kan titin Muhammad na Biyar, kusa da Kutubiyya, inda farashi a rubuce yake, ka san ƙimar kaya. A kasuwa in an faɗi kuɗi taya kashi ɗaya cikin uku, ku haɗu a tsakiya. In ya ce albarka, yi kamar za ka tafi. Amma in ka taya aka sallama, saye ya wajaba, kamar a gida. Kada ka shiga shago da ɗan jagora, kamashonsa a wuyanka zai faɗa.

Fata da jallabiya da takalmin balga da kayan tagulla a Fas suka fi. Shinshina jaka kafin ka biya, wadda ba ta jemu ba warinta ba ya fita ko ta shekara. Man argan da za'afaran su aka fi yi wa algus, in ka ji araha ta yi yawa, ajiye. Alƙur'ani bugun Warshu da littattafan fiƙihun Malikiyya bar su sai Habus, ka koma Kasablanka kwana ɗaya kafin tashinka, tafiyar kusan awa 3 ce daga Marakish. Littafi da tagulla nauyi gare su, nemi sikeli a masauki ka auna jaka tun da dare, mai da ruwan turare su shiga babbar jaka ba ta hannu ba. Ragowar dirhami canza shi a filin jirgi kafin ka wuce wajen buga fasfo, ka bar 'yan tsabar da za ka sha shayi da su kafin a kira jirgi.